Turbomotive ya ƙi ja da baya

Salamu alaikum 'yan'uwa, daga Gusau. A wasan tuƙin jirgin ƙasa na kwamfuta nake tara kawunan jirgi masu tururi da aka ƙera don gwaji a Ingila. Hush-Hush na 1929 lafiya lau yake, amma Turbomotive na 1935, wanda na fi so, ya hana ni barci.

Gaba sumul. Da na tsaya cak na sa giyar baya, sai huci kawai, ƙafafun ko motsi. Na saki birki, na ƙara wuta, na goge shi na sake saukewa sau 2, data ta tafi a banza.

Na san na ainihin farfela biyu da tururi ke juyawa gare shi, babba ta tafiya gaba, ƙarama ta ja da baya. Wane maɓalli ke kunna ƙaramar?