Malamin kwalejin FE a Ingila: matsayinsa ɗaya da na sakandare?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai koyar da walda ko aikin lantarki a kwalejojin gaba da sakandare na Ingila, waɗanda ake kira FE, hukuma na ɗaukarsa cikakken malami kamar na sakandare? Wace takarda ake nema?

Malamin Leeds: Wa alaikumus salam. A yanzu doka ba ta ɗora masa wata takarda dole ba. A 2007 an wajabta wa sabbin malaman FE samun shaidar koyarwa da rajista da IfL, ƙungiyar ƙwararrun malaman FE ta wancan lokacin, amma bayan rahoton kwamitin nazari na Lord Lingfield na 2012 aka janye wajabcin, a 2013 aka soke dokar, IfL ɗin ma ta rufe a 2014. Kowace kwaleji ke yanke nata sharaɗi. Yawanci sukan ɗauki gwanin sana'a, su ba shi wa'adi ya yi diflomar koyarwa ta mataki na 5 yana bakin aiki.

Hajiyar Bradford: Ƙanena, abin da ke daidaita shi da malamin sakandare shi ne QTLS, wato shaidar ƙwararren malamin FE, wadda SET, ƙungiyar malaman FE ta yanzu, ke bayarwa. Sai ya gama diflomar, ya nuna shaidar Turanci da lissafi ta mataki na 2, ya shiga ƙungiyar, sannan ya yi wajen wata shida yana tara hujjojin aikinsa ƙarƙashin wani gogaggen malami. Tun Afrilun 2012 mai QTLS na iya koyarwa a makarantun gwamnati kamar mai QTS, wato shaidar ƙwararren malamin firamare da sakandare. Inda ake tuntuɓe biyu ne: wasu su tsaya a ƙaramar shaidar mataki na 3 su zaci ta isa, wasu kuma su daina biyan kuɗin ƙungiya, daidaiton ya faɗi.

Malamin Leeds: Hajiya ta yi daidai, sai dai takarda daban, albashi daban. Tun 1993 da kwalejoji suka fita daga hannun ƙananan hukumomi, babu tsarin albashi na ƙasa da ya ɗaure su. Ƙungiyar kwalejoji AoC shawara kawai take bayarwa, shi ya sa UCU, ƙungiyar ƙwadagon malaman kwalejoji da jami'o'i, ke yajin aiki kwaleji-kwaleji, albashin kuma yana ƙasa da na makarantu. Mai lantarki kuma dole ya riƙa sabunta iliminsa na dokokin wayarin, in ba haka ba ɗaliban da ke zuwa daga wurin aiki za su riga shi sanin sabuwar ƙa'ida.