Me za mu kira "stay of execution" a shari'ar gona?

Mai Shiri, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Gobe da la'asar ina da shirin rediyo kan rikicin gonaki, kuma bayanin da lauya ya aiko cike yake da "stay of execution pending appeal". Yaron da ya fara fassarawa ya rubuta "dakatar da kisa". Manomi ya ji wannan ai sai ya zaci rataye wani za a yi. Ku agaza.

Ɗan Argungu: Dakatar da zartar da hukunci kafin a saurari ɗaukaka ƙara.

Lauya, Gusau: Ka yi kusa, amma ka ce "har sai an yanke ɗaukaka ƙara", don saurare daban, yankewa daban. Kuma don Allah a gaya wa mutane: ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta hana a karɓe gona. Sai ka shigar da roƙo na dabam, ka fara da kotun da ta yanke hukuncin, in ta ƙi ka kai sama. Mu nan Zamfara da Kebbi, shari'ar da ta fito daga Babbar Kotun Jiha, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato take zuwa. Tun 1972, a shari'ar Vaswani da Savalakh, Kotun Ƙoli ta ce sai an nuna dalili na musamman, kamar a ce in an zartar, nasarar da za ka samu daga baya ba za ta amfane ka ba.

Malamin Hausa, Zuru: Ni dai dabaibayin hukunci nake so. Jakin da aka yi wa dabaibayi yana nan da ransa, tafiya ce kawai ba ya yi. Haka hukuncin yake, ba a soke shi ba. Kalma biyu, kowane manomi ya gane.

Ɗan Argungu: Malam, wane alƙali zai rubuta dabaibayi a takarda?

Malamin Hausa: To me ya hana? Hukunci Larabci ne, kotu Turanci ne, mun karɓa hannu bibbiyu. Sai tamu ta gado ce za mu ji kunyarta?

Lauya, Gusau: Ba kunya ba ce, Malam. Dabaibayi a kunnen mutane yana kama da an yi wa shari'a ƙafar ungulu. Wannan kuwa haƙƙi ne da doka ta bayar.

Malamin Hausa: Ku lauyoyi kun fi son abin da talaka ba zai gane ba sai ya biya.

'Yar Jega: Ku yi haƙuri in sa baki. Fadamar mahaifinmu aka yi wa hukunci, shinkafa ta fara fitar da kai. Yayanmu ya ce ai mun yi afil, mu kwantar da hankali. Ranar wata Talata sai ga ma'aikatan kotu sun zo sun kafa turaku, wancan ɓangaren ya girbe abin da muka shuka. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai takarda ta biyu. Kowace kalma kuka zaɓa, ku faɗi wannan.

Mai Shiri: Allah ya mayar da alheri, Hajiya, da shi zan buɗe shirin. Zan ce "dakatar da zartar da hukunci har sai an yanke ɗaukaka ƙara", in kawo misalin dabaibayi wajen bayani.

Malamin Hausa: Misali kawai? To, na ji. Amma kalma goma sha ɗaya ce inda biyu suka isa, kuma ban janye ba.