Wa ke kaɗa bes a faifan Jimmy Smith?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum. A cikin kayan da marigayi mahaifinmu ya bari na tarar da faifan garmaho na makaɗin jazz ɗan Amurka Jimmy Smith mai suna Back at the Chicken Shack. Ina jin amon bes mai kauri yana tafiya a ƙarƙashin kiɗan tun daga farko har ƙarshe, amma mutum huɗu kawai aka rubuta a bayan kwalin, kuma babu mai bes a cikinsu. Shin mantawa aka yi da sunansa?

Kawu na Sabon Zongo:
Wa'alaikumus salam, ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ba a manta da kowa ba, Smith ne da kansa yake fitar da wannan amo. Ogan ɗin da yake kaɗawa, wato Hammond B-3, yana da jerin maɓallai hawa biyu da kuma matakai a ƙasa, saboda haka hannunsa na hagu ne ke jan bes a hawan ƙasa, ƙafarsa tana taɓa matakan don ta ƙara masa nauyi, yayin da hannun dama ke rera waƙar. Wannan karkarwa da kake ji a cikin sautin kuwa daga lasifikar Leslie take fitowa, domin akwai ƙaho a cikinta da ke juyawa. Sauran ukun su ne Stanley Turrentine a saksofon, Kenny Burrell a jita, sai Donald Bailey a ganguna.

Malamar Aboabo, Kumasi:
Kawu ya yi bayani, sai dai ni a kunnena Turrentine ne ya riƙe faifan, domin busarsa tana da taushi irin na mai waƙar coci, kuma daga cocin baƙaƙen fatar Amurka da kiɗan bulus wannan salo ya samo asali. An ɗauki kiɗan ranar 25 ga Afrilu 1960 a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke jihar New Jersey, amma kamfanin Blue Note bai fitar da shi ba sai 1963. A zaman wannan rana ɗaya aka ɗauki wani faifan Smith mai suna Midnight Special, wanda ya riga shi fitowa a 1961.

Ɗan Nima:
Na gode, Kawu, na gode, Malama. Na sake saka shi bayan sallar isha, na bi hannun hagun kawai, kuma ko da Turrentine ya karɓi busa, bes ɗin bai tsaya ba ko sau ɗaya.