Labarin kasadar da na buga: ina ya ƙi tafiya?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum. Wasan nan irin Dungeons & Dragons (wasan da 'yan wasa ke zama jaruman labari, suna jefa ɗan lido don sanin ko sun yi nasara) da na wallafa bara, ku da kuka gwada, ina ya cije? 'Yan fadarmu kullum "ya yi" kawai suke ce mini.

Mai Shayi: Malam, kacici-kacicin bakin rijiya ya ci mana awa guda, har shayi ya huce. Ƙanena ya jefa ɗan lido mai fuska 20 sau huɗu, bai wuce 5 ba, ya yi zuciya ya tafi.

Inna Zariya: Ɗana, ido da ido kunyarka za su ji. Su aiko murya ta WhatsApp: ina suka yi dariya, ina suka fara latsa waya.

Ɗan Bagalam: Na gode, Inna. Rijiyar kuwa zan buɗe mata hanya ta biyu.