Latas a rumfar leda: me ke ƙona bakin ganyen tsakiya?

Mai Lambu: Assalamu alaikum. Latas ne a rumfar leda, saiwarsa cikin ruwan taki ba ƙasa, fitilun LED na ci awa 20 kullum, EC (ma'aunin ƙarfin taki a ruwa) 1.8. Girma kam yana yi, amma ƙananan ganyen tsakiya bakinsu sai ya ƙone, na waje kuwa lafiya lau. Ga ɗaci. Taki zan ƙara?

Noman Rani: Wa alaikumus salam. Kar ka ƙara, Malam. Kalsiyam ne bai kai wurin ba, kuma ba don babu shi a ruwan ba. Shi kalsiyam ruwan da ganye ke fitarwa ta tururi ne ke jan shi sama. Manyan ganye suna shan iska, suna ja. Na tsakiya a lulluɓe suke, danshi ya taru a kansu, ba sa ja, ga shi kuma kalsiyam ba ya barin tsohon ganye ya koma sabo. Sai bakin ya mutu. Ka rataya fanka ta riƙa hura iska daga sama zuwa cikin tsakiyar, ba ta gefe ba. EC ɗin ma ka sauke shi wajen 1.2, pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 5.6 da 6.0. Wanda ya riga ya ƙone dai ba zai dawo ba.

Injiniyan Rumfa: Fanka kaɗai ba ta isa ba in hasken ya yi yawa. Masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun tsaya kan mol 17 na haske (mol ma'aunin yawan haske ne) a kowace murabba'in mita a rana, zafi digiri 24 na Celsius da rana, 19 da dare. Wuce haka, ganye na girma fiye da yadda kalsiyam ke isowa. Ka mayar da fitilun awa 16. Amma kar ka rage har ya yi duhu, domin a ƙarancin haske latas ba ya iya sarrafa naitiret (wani sinadarin taki), sai ya tara shi a ganye.

Noman Rani: Ɗacin kuma zafi ne. Tsinke ganye ɗaya daga gindi, in farin ruwa kamar madara ya ɓulɓulo kuma karan tsakiya ya fara tsawo, to fure yake shirin yi, a cire shi yanzu. Auna zafin ruwan tankin ma. In ya haura digiri 25, iskar cikinsa na raguwa, saiwa ta rikiɗe daga fari zuwa ruwan ƙasa, ta yi yauƙi. A binne tankin ko a yi masa inuwa, a sa famfon iska irin na tankin kifi.