Ƙanena ya karanta fim a Jos, yau kwamfuta ke ciyar da shi

Baban Sadik, Tudun Wada: Jama'a ku yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cina. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya karanta fim a makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos. Tumaki biyu Inna ta sayar a kasuwar Gusau aka cika masa kuɗin rajista. Ya koyi kamara, haske, sauti, tace hoto, har da tsayuwa a gaban kamara. Da ya gama ya nufi Kano. Shekara biyu yana zarya ofis-ofis na masu shirya fim a Zoo Road, rawar da ake ba shi ba ta wuce maigadi ko ɗan aike, a sallame shi da kuɗin mota. Duk inda ya miƙa takardarsa sai a ce, yaron wa ne? Da ya gaji ya koma koyon kwamfuta. Yanzu yana wani kamfanin fasaha a Legas, shi ke kula da na'urorin da ake ajiye bayanan abokan ciniki, in ya samu hutu kuma ya fito a wani shiri mai dogon zango a YouTube. Masana'antar nan ba ta son mai ilimi, mai ubangida take so. Wallahi ta yi asarar jarumi.

Ɗan Ƙaura: Jarumi? Baban Sadik sake kalma. Jarumi shi ne wanda ke kwana bakin gari a Zurmi ko Shinkafi da harba-ka-ruga, yana tsaron mata da yara. Mu da munka binne 'yan'uwa mun san wa ake kira jarumi. Wanda ake shafa ma hoda a ce "akshin" ba ya ciki.

Maman Ilham: Haba Ɗan Ƙaura, sunan sana'a ne fa. Ko a rediyo haka ake faɗa, jarumi wane, jaruma wance. Babu wanda ya raina masu tsaron gari.

Ɗan Ƙaura: Hajiya, rediyo ba hujja ba ce.

Malam na Kanwuri: Ku tsaya in gaya muku, yara. Da can ɗan wasa muke cewa, ko ɗan dirama. Jarumi daga kallon fim ɗin Indiya ya shigo. Muna samari a sinima, da ƙullin gyaɗa a aljihu, wanda zai auri yarinya shi ne jarumi, mugun kuma bos. Da jarumi ya bayyana sai fito da tafi su cika wuri, har mai tsaron ƙofa ya daka mana tsawa. Aro ne, amma ya zauna.

Abu Hanifa: Kuma alhamdu lillahi da aka rufe waɗannan wurare bayan Gwamna Yarima ya ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999. Malam, da girmanka kana kewar sinima?

Malam na Kanwuri: Yaro, tarihi na ba ka, ban ce a buɗe ba. Koyi magana da manya.

Maman Ilham: An rufe sinima, sai ga ta ta dawo cikin wayar kowa. Abu Hanifa, duba wayar mutanen gidanka tukuna.

Abu Hanifa: Kar ki sako iyalina cikin wannan magana, Hajiya.

Baban Sadik: Don Allah ku dawo kan batu. Cewa na yi ba a daraja mai ilimin fim.

Ɗalibin Poli: Yaya, ai Ali Nuhu labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ga shi a Janairun 2024 an naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda makarantar da ƙanenka ya yi ke ƙarƙashinta. Kenan baiwa ta fi takarda. Sannan haɗa fim da fasaha ba a kan ƙanenka aka fara ba. Hedy Lamarr, jarumar Amurka haifaffiyar Austiriya, a 1942 ita da George Antheil suka yi rajistar dabarar sauya zangon siginar rediyo don kada maƙiya su toshe ta.

Ɗan Ƙaura: To ga shi nan, "jaruma" kuma! Har Bature kun ba sarautar.

Baban Sadik: Ali Nuhu ma ai mai digiri ne, hujjata ka ƙarfafa.

Ɗalibin Poli: Ba digirin fim ba ne.

Na Mafara: Ni in za a ba wani jarumta, masu aikin sadarwa zan ba. A Satumbar 2021 da aka kashe sabis a Zamfara, matata na asibiti, sai da na hau mota har Zariya kafin na kira ɗan'uwana ya turo kuɗi. Ƙanenka ya riƙe aikinsa hannu biyu, ya manta da fim.

Baban Sadik: Ba a kamfanin waya yake ba. Kuma ba zai manta ba. Da ya zo Sallah na same shi ƙarfe ɗaya na dare a zaure, kwamfutar ofis a cinya, takardar fim a hannu, yana haddace layinsa a hankali kada ya tashi Inna. Na tsaya ina kallonsa har idona ya kawo ruwa.

Abu Hanifa: Ku yi masa addu'a Allah ya ƙarasa shiryar da shi.

Maman Ilham: Shiryar da shi? Ɓatacce ne?

Baban Sadik: Abu Hanifa, janye wannan kalma yanzu ko mu haɗu a gaban Malam.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Na karanta komai tun daga sama. Abin da na ga mafi yawa sun tsaya a kai shi ne jarumi sunan masu kare gari ne, kamar yadda Ɗan Ƙaura ya yi bayani mai gamsarwa, ni ma ƙanen mahaifiyata a bakin wannan aiki ya rasu. Ɗan fim a ce masa ɗan wasa. An kuma yarda yaron ya yi dabara da ya kama aikin kwamfuta. Maganar ubangida a Kano babu wanda ya kawo hujja, mun ajiye ta. Hajiya Maman Ilham a rage zafi. Na kulle zaure sai bayan sallar asuba.