Tambaya kan CBGA a jikin tabar wiwi, masu ilimin tsirrai ku taimaka

Habu_Agric:
Salam jama'a. Ina karatun inganta iri ne, malaminmu ya kawo misalin manoman Amurka masu noma nau'in wiwin da ba ya bugarwa, wai mutum zai shuka irin CBD (sinadarin wiwi da ba ya bugarwa) amma lokacin girbi a auna a ga THC (sinadarin da ke bugarwa) ya haura kashi 0.3 cikin ɗari da dokarsu ta 2018 ta ƙayyade, shikenan a sa shi ya lalata amfanin. To ta yaya irin CBD zai fitar da THC? Kuma ina CBGA ya shigo a maganar?

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam Habu. Ai shukar ba ta haɗa THC ko CBD kai tsaye, a cikin 'yan ƙananan gashin nan masu danƙo na jikin furen macen take fara haɗa sinadarai biyu, olivetolic acid da GPP (geranyl pyrophosphate), su ne ke ba da CBGA, wato sinadarin da sauran ke fitowa daga gare shi, daga nan inzayim (furotin masu juya wani sinadari zuwa wani) ke ɗauka, wani ya mayar da shi THCA wani CBDA wani CBCA, wato ɗanyen sifar THC da CBD da wani ɗan uwansu CBC. Kamar garin gero ne a ƙwarya ɗaya, wannan ta dama kunu waccan ta tuƙa tuwo. Sai zafi ya taɓa THCA sannan yake komawa THC, haka ma CBDA ke komawa CBD. Matsalar manoman ita ce inzayim ɗin CBDA ba ya aiki tsaf, duk sanda ya yi CBDA sai ya ɗiga THCA kaɗan a gefe, don haka in furen ya nuna sosai CBD ya yi sama to THC ma na biye da shi har ya tsallake layin.

Zainab_Bio:
Malam ya gama magana, bari in ƙara ɓangaren gado don shi ne ya fi burge ni wallahi. Binciken wani masanin tsirrai mai suna de Meijer da abokan aikinsa a 2003 ya nuna in ka haɗa mai THC da mai CBD 'ya'yan duk gauraye suke fitowa, jikoki kuma su rabu 1:2:1, wato kashi ɗaya mai THC, biyu gauraye, ɗaya mai CBD, kenan tun daga iri ake yanke hukuncin, taki da ruwa yawan kawai suke ƙarawa. Akwai kuma waɗanda inzayim ɗinsu ya lalace, CBGA ya taru ba mai taɓa shi, THC ɗinsu ƙasa sosai, irin Santhica 27 na Faransa haka yake.

Habu_Agric:
Anti Zainab na gode, kenan mai fitar da iri ba sai ya jira fure ba?

Zainab_Bio:
Ƙwarai, ganyen tsiro ƙarami ake gwadawa a ga wane ƙwayar gado ya ɗauko tun kafin a dasa. Amma fa a takarda za ka tsaya, a Najeriya noman wiwi ko wace iri laifi ne, NDLEA ba ta raba maka mai CBD da mai THC.